Rasuwar Wayar Saman Firij

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushi kuma wanda ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar wayar ƙanena mai gyaran famfo, wanda kowa ke kira Injiniya. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin bahon wanke-wanke na kicin ɗinsa, tana da shekara bakwai a duniya. Shi ya kamata ya rubuta wannan sanarwa, amma tun ranar yake zaune da biro a hannu bai samo kalmar farko ba. Duk wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba.

Marigayiya baƙa ce, mai tsage a goshi, ba ta da layi, ba ta kiran kowa. Tun da ya sayi sabuwa aka yi mata ritaya, aka ɗora ta saman firij kusa da kwalin ashana. Aiki ɗaya ya rage mata, wato wani gem na soyayya da yawon kasada. Mai wasa shi ne baƙon da jirgin ruwa ya kife da shi a wani tsibiri, yana hawan duwatsu yana shiga koguna, yana kuma neman shiga zuciyar matar da ke kula da fitilar da ke haska wa jirage hanya. Duk sanda Mai Fitila ta yi magana, sai a jero maka amsa uku ka zaɓi ɗaya. In ka dace, marigayiya ta ce ƙilin, zuciya ɗaya cikin biyar ɗin da aka zana a fuskarta ta ɗan ƙara cika. In ka kwafsa, ta ce ɗum.

A gidan ƙanena ɗum aka fi ji. Duwatsun bai ɗauke su a bakin komai ba, dodon kogo kuwa sau ɗaya ya gwada shi ya wuce. Amma da zarar Mai Fitila ta buɗe baki, sai kan Injiniya ya kulle. Wata huɗu ya yi a babi na biyu.

Dole in faɗi abin da ya sa ake makokin waya kamar mutum. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyar matarsa ta rasu. Malama, don haka muke kiranta saboda tana koyarwa a firamare, ta dawo daga asibiti ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da bango. Ƙanena ya tsaya a kanta, sai ya ɗauko jakar aikinsa ya bi famfunan gidan nan ɗaya bayan ɗaya ya canza musu roba. Ba su yi faɗa ba, da ma faɗan suka yi da na san yadda zan shiga tsakani. Magana ce kawai ta ƙafe a gidan, ban da abinci na kan tebur, da na fita, da a dawo lafiya.

Wata safiya ya ɗauko marigayiya yana shan shayi, sai ya tarar da kansa a babi na uku. Ya duba baya ya ga inda aka wuce. Mai Fitila ce take ba da labarin mahaifinta da teku ta ci, amsoshin kuma su ne ka yi mata alkawarin gyara kwalekwalensa, ko ka ba ta haƙuri, ko ka zauna kusa da ita ka yi shiru. Ta ukun aka zaɓa. Shi bai taɓa taɓa ta ba, don a ganinsa tarko ne da aka ɗana wa ragwaye. Mutum biyu ne kacal a gidan, ba sai an tambaya ba.

Daga nan marigayiya ta samu aikin da ya fi kiran waya. Da safe ya hau duwatsunsa, in ya iso wurin magana sai ya tsaya, ya jona mata caja ya mayar da ita saman firij. Malama ta taso daga makaranta ƙarfe biyu ta zaɓi amsa. Da yamma ya dawo ya karanta abin da ta zaɓa, a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Ba wanda ya taɓa ɗaga zancen a cikinsu. Har babi na goma sha ɗaya suka kai a haka cikin goma sha biyu, kuma na shaida marigayiya mai riƙon amana ce, ba ta taɓa kai maganar ɗaya wurin ɗaya da ƙari ba.

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga, bakin cajarta ya saki sai an ɗaure da roba, wani lokaci ta suma a tsakiyar kogo. Duk ta jure. Ranar Talatar nan ce mahaifiyar Malama ta cika shekara biyu, Malama ba ta je makaranta ba. Ƙanena ya shigo kicin da wayar a hannu, ya sami Malama zaune a daidai wurin da ta zauna wancan karon. Ya rantse mini cewa amsoshin nan uku sun jeru a kansa tsaf, kuma ya san wadda ce daidai. Sai ya ji famfo yana ɗiga. Ya ajiye marigayiya a bakin baho, ya durƙusa ya shige ƙarƙashi da sifana. Kafaɗarsa ce ta girgiza bahon. Malama ta ce kafin hasken ya ɗauke ta ji ta ce ɗum daga cikin ruwa.

Kwana biyu ta yi binne a cikin shinkafa, sannan aka kai ta wurin mai gyaran waya, wanda ya buɗe ta ya leƙa ya mayar ya rufe, ya ba shi haƙuri.

Bayan na kai musu labari, saƙonnin ta'aziyya sun iso daga zauren masu buga gem ɗin na intanet, inda ƙanena ya shekara yana karatu bai taɓa tofa ko kalma ba. Muna godiya, duk da rabinsu gardama suka zo yi. Wani ya ce ya huta, Mai Fitila ba ta da godiya, ko tsibirin ka ɗauko mata a ka ba za ta cika maka zuciya ba. Wata ta ce masu faɗin haka su ne waɗanda ba sa bari ta gama magana. Wani ya ce babin ƙarshe bai kai wahalarsa ba, wani kuma ya ce shi a ofis ya buga shi har ya fita waje ya share hawaye. Sai wata ta yi tambayar da ta ƙarasa mu, ta ce ai in ya buɗe asusu a gem ɗin komai yana ajiye, ya shiga ta sabuwar waya kawai. Bai buɗe ba. Kunya ya ji a ga sunan magidanci ɗan shekara arba'in da shida a wasan soyayya. Don haka duk abin da Malama ta zaɓa ya tafi tare da marigayiya.

Ranar Alhamis ya yi ta maza ya tare matarsa a falo, ya ce zai sauke gem ɗin a sabuwar waya su fara daga farko. Rabon da ya yi mata magana mai tsawon wannan tun kafin rasuwar mahaifiyarta. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Injiniya, har babi na goma sha ɗaya ina nuna maka. Ba zan koma na ɗaya ba."

Washegari ta tafi gidan yayanta. Ta ce kwana biyu za ta yi, amma babban akwati ta ɗauka, da hoton mahaifiyarta da ke bangon falo.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaure da roba, da gurbinta a saman firij inda ƙura ba ta taɓa ba, da zuciya huɗu da rabi. Ta bar Mai Fitila tsaye a bakin teku tana jiran amsa. Ta bar mata da miji.

Za a yi mata sutura gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a naɗe ta da ƙyallen goge tabarau a sa ta a durowar kicin, tare da matattun batura da makullan da aka manta ƙofarsu. Ba a buƙatar taro. Mai son yin ta'aziyya kada ya zo da shawara, kada kuma ya zo da sabuwar waya. Zai sami ƙanena zaune a ƙasan kicin ya jingina da bango, dab da inda matarsa ta zauna, ya yi shiru. Tun da ta tafi yake wurin. Famfon kuwa ya daina ɗiga.