Ƙanshin Kafur a Unguwar Turawa

Abubuwa da yawa na zaman da na yi a Kaduna sun gushe mini, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Lahadi, a shekarar da aka sami mulkin kai, ranar da na sa aka haƙa kaburbura uku.

Bari in fara daga farko, don ni ban iya ba da labari daga tsakiya ba.

Daga Tambuwal aka kai ni. Boko ban yi nisa a cikinsa ba, amma ajami kam, Alhamdu lillahi, a zauren mahaifina na tashi da shi. Aikina a ofis shi ne karanta wasiƙun da mutanen ƙauye ke aikowa da ajami, akawu yana saurare yana juyawa da boko. Masauki kuwa na same shi wajen Baba Alu, wani dattijo mutumin Kebbe, aminin mahaifina, wanda ke aikin kuku a unguwar Turawa. Shi da matarsa Inna Tumba suna zaune a ɗakunan da ake gina wa ma'aikata a bayan gida, suka ba ni guda.

To, unguwar nan ita ce abin da ban taɓa ganin irinsa ba. A Tambuwal ko ido rufe ka san lokaci: ga sautin turmi, ga kukan jaki, ga mai fura tana talla, ga wani yana sallama a ƙofar wani. Nan kuwa babu ko ɗaya. Gidaje ne manya, kowane can tsakiyar filinsa, babu katanga sai shingen furanni da aka aske kansa daidai wa daida. Babu zaure. Babu mai zama a ƙofar gida. Titi shararre, itatuwa a jere, inuwa ta rufe ko'ina, sai kukan kurciya da ƙarar takalminka. Kuma a shekarar Turawa suna ta komawa ƙasarsu, saboda haka gida ɗaya da mutane, biyu a rufe. In na bi titin nan sai in ji kamar ina ratsa garin da annoba ta share jiya, aka manta ba a gaya mini ba.

Duk da haka ina son yawo a cikinta. Ranar Lahadi babu aiki, sai in ɗauki carbi in fita da hantsi, ina tafe ina sallama a kowace ƙofa, ko da na san babu mai amsawa (har karen wani Bature na taɓa yi wa sallama, don shi kaɗai ya fito). Inna Tumba ta mai da ni abin dariyarta. Ranar da na buɗe famfo na kasa rufewa, sai da ta ba kowa labari. In na shigo sai ta ce, "Malam na Tambuwal, yau kuma mi ka gano muna?" Na ƙudurta a raina cewa na daina tambayar su komai. Wannan ƙuduri shi ya kai ni ya baro.

A ƙarshen titinmu akwai wani gida da ban taɓa kusanta ba. Ciyawa ta fara cin hanyar shiga, mangwaro ya zube a ƙasa yana ruɓewa babu mai tsinta. Ran nan na tsaya na yi sallama sau uku kamar yadda aka koya mana. Shiru. Har na juya, sai iska ta kaɗo mini wani ƙanshi.

Kafur.

Ni ɗan gidan masu wankan gawa ne. Tun ina saurayi nake riƙe wa mahaifina buta, kuma a ruwan ƙarshe ake sa kafur. A duniyata ƙanshin nan wuri guda yake fitowa. Na bi shi a hankali har gefen gida, inda wata taga ba ta rufu sosai ba. Na kare fuska da hannu na leƙa ta gilashi.

Ɗakin da duhu-duhu. Komai na ciki an lulluɓe shi da farin ƙyalle, wasu abubuwa a tsaye, wasu kamar mutane sun durƙusa. A tsakiyar ɗaki kuwa, a ƙasa, ga su nan kwance su uku a jere, biyu dogaye, ɗaya gajere. An naɗe kowane da fari, an ɗaure shi wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Kuma kwanciyarsu kudu da arewa, daidai yadda ake ajiye mamaci ya fuskanci gabas.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Miji da mata da ɗansu.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki ba su ba ne, tambaya ce: wa ya wanke su? Wanda ya yi ɗaurin nan ya san aiki. To ina ya tafi ya bar su? Ko shi ma yana kwance a wani ɗakin? Ina tsaye sai labule ya motsa daga ciki, a hankali, ya koma. (Iska ce ta tagar da ba ta rufu ba. Yanzu na sani. A lokacin ban tsaya bincike ba.)

Sai na tuna wani abu da ya faru a Jabo ina yaro. Wani tsoho baƙo ya rasu a bukkarsa, aka kwana uku ba wanda ya sani. Da aka kira mahaifina, na ga ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce wa mutane, binne Musulmi wajibi ne a kan gari duka. In wani ya yi, ya sauke wa kowa, in ba wanda ya yi, kowa zai amsa tambaya. To ga ni nan, a unguwar da maƙwabci bai san maƙwabci ba, ni kaɗai Allah ya nuna wa. In na juya baya, alhakin mutum uku a wuyana yake.

Hankali ya ce in koma gida in tambaya. Amma Baba Alu ya hau kekensa ya tafi kasuwa tun da safe, saura Inna Tumba, ni kuwa ba zan je in ba ta abin dariya ba. Wannan fagena ne. Famfo ne ban sani ba, ba gawa ba.

Bayan unguwar akwai inda ake gina sababbin gidaje, leburorin suna kwana a rumfuna a wajen. Mutanen ƙauye ne irina, masu tsoron Allah. Na sami shugabansu, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Ɗan Sanyinna, na gaya masa.

Ya ce, "Malam, ka gani da idonka?"

Na ce, "Da idona, da hancina. Na yi shekara goma ina wannan aiki tare da mahaifina."

Ya cire hula ya share zufa. "Awo, ni dai tun da na zo na san unguwar ga ba lafiya ba. Gari ba hayaƙi, ba kuka, ba dariya?"

Nan take na raba aiki kamar wani hakimi. Mutum shida su ɗauki diga da shebur su tafi maƙabarta su haƙa kaburbura, manya biyu, ƙarami ɗaya. Biyu su nemo makara. Na zauna a kan bulo na zaro alƙalami na rubuta wa limamin unguwar da ke kusa takarda, da ajamina mai kyau, har da addu'a a ƙarshe, na ba wani ya ruga da ita. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin tsoron nan akwai wani ɗan daɗi da nake ji. Tun da na zo Kaduna ba a taɓa cewa "to, Malam" an bi maganata ba sai ran nan.

Kafin azahar mun kai mutum talatin a gaban gidan. Ba mai magana da ƙarfi. Kowa ya je ya leƙa, ya dawo yana salati. Wani ya rantse ya ga ƙaramin ya motsa. Liman ya iso, dattijo mai farin gemu, ya leƙa shi ma, ya daɗe, ya dawo bai ce komai ba sai, "A buɗe mu gani." Ƙofa kuwa a kulle. Ɗan Sanyinna ya ɗauko ƙarfen da suke tone dutse da shi ya sa a bakin ƙofa, ya dube ni. Gidan gwamnati ne. Fasa shi na iya raba ni da aikina, har ya kai ni gaban alƙali. Na sani. Na rufe ido na ce, "Bisimilla, fasa."

Sai muka ji ƙararrawar keke.

Baba Alu ne, da kwandon cefane a baya, Inna Tumba tana biye da shi a ƙasa tana gyara lulluɓi. Ya dubi taro, ya dubi makara biyu da aka jingina a shingen furanni, ya dubi ƙarfen.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Duk aka juyo gare ni. Na matsa gaba na yi masa bayani da murya irin ta masu ta'aziyya. Yana ji, fuskarsa tana sauyawa. Ya ce, "A ɗakin ga? Uku? Biyu dogaye, guda gajere?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

"An ɗaure su wuri uku?"

"Ɗauri na wanda ya sani."

Ya ce, "Na gode. Ni na ɗaure su."

Aka ja da baya. Wallahi har liman sai da ya matsa. Baba Alu ya jingina keke, ya laluba aljihu ya fito da mabuɗi (ashe da Baturen gidan zai tafi hutu, shi aka bar wa ajiya). Ya buɗe ƙofa, ƙanshin kafur ya bugo mu. Ya kama hannuna ya ce, "Taho, ɗana. Kai ad da sani, kai za ka buɗe fuska."

Na durƙusa wajen babban. Na kwance ɗaurin sama, na yaye farin ƙyallen, wanda a kusa na ga zanen gado ne. Abin da ya leƙo ni ja ne, da zanen furanni, da geza. Shimfiɗar ƙasa ce ta Turawa, kafet, an naɗe ta. Ƙwayoyin kafur suka gangaro suna birgima a kan siminti, ɗaya ta je ta tsaya a ƙafar liman.

Baba Alu ya ce, "Don asu da gara muke sa shi, kada su ci ulu. Waɗancan masu durƙuso kuma kujeru ne. Ko su ma a yi musu salla?"

Shirun da aka yi a lokacin ya fi duk shirun unguwar. Daga nan sai muryar Inna Tumba daga bakin ƙofa: "Malam na Tambuwal, ƙaramin fa? A duba shi, kada a bar maraya!"

Dariya ta fashe. Ɗan Sanyinna ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, wanda ya ce ya ga motsi ya sulale ya ɓace. Ni kuwa ina durƙushe riƙe da gezar kafet, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage. Ana cikin haka sai ga masu haƙa sun dawo, jiki duk jar ƙasa, babbansu ya ce, "Malam, an gama. Ƙasar da tauri, amma mun yi su da kyau." Sai aka sake sabuwa.

Liman ne kaɗai bai yi dariya a fili ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Niyyarka ta yi kyau, Allah ya ba da lada. Amma mahaifinka bai gaya maka ba? Kafin a aika maƙabarta, ana taɓa mamaci." Takardata kuwa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce bai taɓa ganin rubutu mai kyau haka a kan shimfiɗa ba.

Baturen bai dawo ba. Da aka zo kwashe kayansa aka bar wa Baba Alu babban kafet ɗin, shi kuma ya kai shi ɗan ƙaramin masallacin ma'aikata. Shekara huɗu na yi ina salla a kan mamacina, duk sujada sai na shaƙi kafur, kuma duk wanda ya rasa wuri a sahu sai a ce masa ya matsa kusa da marigayi. Kaburburan nan uku, liman ya ce a bar su. Ba su yi mako biyu ba suka sami masu su, biyu manya, ɗaya ƙarami. Wannan kam ba wanda ya yi dariyarsa.

Na koma Tambuwal da daɗewa, na gaji mahaifina a aikinsa. Har yau in aka kira ni, ko iyalan mamaci suna kuka, ko likita ya rubuta takarda, ba na barin kowa ya ɗauki diga sai na yaye ƙyalle na ga fuska da hanci. Mutane suna cewa tsantseni ne irin na malaman da. Ni dai nakan bar su a haka.