Wifin da Ya Fi Ƙarfin Tsofaffin Wayoyi

Ranar da na kawo sabuwar na'urar wifi shagona a Salaga, na tara maƙwabta na yi musu lacca.

"Wannan 'yar yayi ce," na ce. "Tsofaffin wayoyinku ba za su kama ta ba." Don haka ko lambar sirri ban sa mata ba.

Ashe na'urar tana da ladabi: duk wayar da ta yi sallama sai ta amsa. Da la'asar bencina ya cika da masu doya. Hajiya mai koko, wayarta ɗaure da roba, tana ta bidiyo da ɗanta na Kumasi. Kafin magariba datar wata guda ta ƙare.

Har yau in na wuce, sai Hajiya ta ɗaga wayar: "Malam, tsohuwa tana gaishe ka. Yaushe za a sake sadaka?"