Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana na fari ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Shekarar fari ce, lokacin da aka karɓe mana fam da sule aka miƙo mana naira. Muna zaune a Samaru, Hassi matar ɗana Garba ta haifi namiji.

A lokacin duk layinmu an san ni da ido. Ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, amma in na damƙi hatsi na san na bana ne ko na bara. Mai tallar nono in ta hango ni takan sake hanya (ta san in ta tsula ruwa a gaban jama'a zan faɗa). Ina kuwa jin daɗin tsoron nan da ake yi mini, Allah Ya yafe.

Ana jibi suna na hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari neman wake. Shekarar nan ƙwaro ya gama da wake, ka ɗiba ka ga huji kamar rariya. Na bi masu awo ɗaya bayan ɗaya ina kushewa. Can bayan rumfuna sai ga wani mutum da buhu guda, wake fari tas, manya-manya, ko huji ɗaya babu, sai wani gari-gari a jikinsa. Na ce mene ne wannan?

Ya ce, "Toka ce, Iya."

Mu kuwa da toka muka ga iyayenmu suna adana wake. Na ce a raina yau na gamu da ɗan halak. Na dawo gida ina tafiya kamar wadda ta ci yaƙi.

Akwai maƙwabciyarmu Ladi, matar wani tela, tana goyon 'yar jaririya. Kwanaki kaɗan kafin nan na leƙa tukunyarta na ce mata waken nata da namansa ya zo. Duk da haka ranar suna ta shigo taya mu aiki. Tana cikin wanke waken ta ɗago.

"Iya, wannan wani wari yake yi, kamar kananzir."

Na ce, "Hancinki ya saba da ruɓaɓɓe, shi ya sa mai kyau ke yi miki wari."

Mata suka kwashe da dariya. Da aka sauke kuma Ladi ta ce ta ƙoshi.

Shinkafa da wake aka yi, da mai da yaji. Ni da hannuna na cika kwano na kai wa mai jego ɗaki. Ta yi loma biyu ta ce a hankali, "Iya, akwai ɗaci-ɗaci."

Na ce, "Cinye ki ƙara. Nono ba ya zuwa da yanga."

Suruka ba ta musu da uwar miji. Kanta a sunkuye ta cinye, ni kuma na tsaya a kanta sai da na ga gindin kwano.

Kafin la'asar kaji sun bushe a inda aka zubar da ruwan wankin. Yara suka fara amai, sai manya. Maroƙin da ya wuni yana yabon girkina ya kwanta a zaure yana salati. Ni ina tsaye ina ba da umarni, ina cewa ai ruwan randa ne, har ƙasa ta juya mini. A gaban dangin Hassi da suka zo daga Palladan na zube bakin kwata, ɗankwali gefe guda, zane kuwa (ba sai na faɗa ba). Daga nan ƙasa nake jin ana ihu a ɗaki, Hassi tana karkarwa, kumfa a bakinta.

A asibiti malamin da ya duba mu ya sa aka kawo ragowar ɗanyen waken. Ya sunsuna sau ɗaya ya kawar da kai.

"Wannan irin shuka ne, an barbaɗe shi da maganin ƙwari. Wa ya sayo wa mutane guba?"

Ba wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Iya, duk gidan ba mai hanci ne?"

Akwai mai hanci. Ni na toshe mata baki.

Kowa ya warware ban da Hassi. Ta daɗe a kwance, nononta ya ƙafe ƙaf. Jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya koma sai buɗe baki. Na ɗauke shi na tsaya a ƙofar Ladi, na rasa ta inda zan fara. Ba ta ambaci wake ba. Ta gyara zama ta ce, "Kawo shi, Iya." Da nononta ya rayu.

Hassi ta tashi, amma har yau in ta ɗauki kofi hannunta na rawa. Ba ta taɓa ce mini uffan ba, ni kuwa kullum a hannun nan idona yake.

Yanzu in na shiga kasuwa huji nake nema. In ban ga ƙwaro ko ɗaya ba sai in ajiye mudu in wuce, masu awo suna cewa tsohuwa ta ruɗe. Su yi ta faɗa. Abin da ƙwaro ya ci ya kwana lafiya, ni ma zan ci. Ashe duk faɗin kasuwar Sabon Gari, shi ya fi ni ido.