Yadda Ake Ziyartar Waliyyai Bakwai da Kabari Shida

Kai da aka ɗora wa nauyin kai surukarka Bukhara ziyarar waliyyai bakwai, matso kusa, ka faɗo hannun gwani. Ni na kai tawa, Inna Saltanat, na dawo da ita Tashkent a yini guda. Bi matakan nan, na yi maka alkawari jirgi ba zai tashi ya bar ka ba.

1. Yanki tikiti kafin ka duba taswira

Jirgin safe zuwa, jirgin yamma dawowa. Raggaye ne ke kwana. In matarka ta tambaya ko lokaci zai isa, kamar yadda tawa Dilrabo ta yi, yi mata dariyar manya, ka ce waliyyai ba gudu suke yi ba. Tsohuwa ta shekara goma sha ɗaya sunanta na layin Hajji, gwiwa ta fara gardama, sai ta yi bakance za ta ziyarci bakwai ɗin nan a jere, ba tsallake. Ita ce tafiyar da ta rage mata a duniya, saboda haka kada ka ɓata mata lokaci da hutu.

2. Ɗauki direba, kada ka ɗauki shawararsa

A filin jirgi zaɓi ƙaramar motar haya ƙirar Damas, wadda in ta shiga rami kowa sai ya yi salati. Wannan ma lada ne. Direbana Ergash ya ce kabari bakwai da tsohuwa da jirgin da zai tashi ƙarfe shida na yamma sai dai aljani. Na ce masa na ji, ya tayar da mota.

3. Guji palof

Tun a kabarin farko, a Gijduwan, za ka tarar wasu sun yanka rago sadaka, dafa-dukan shinkafarsu da suke kira palof na ta ƙamshi. Tsohuwa ba ta ƙin gayyata. Ka tsaya kai da fata ka hana. Ni faranti biyu na ci, amma don girmama masu gida ne.

Ka kuma sani duk inda aka je sai ta zauna ta buɗe tafuka, leɓe na motsi kamar za ta lissafo wa Allah mutanen unguwa kaf. Tari ba ya taso ta, na gwada har maƙogwarona ya bushe.

4. Juya mota a gidan gas

La'asar za ta riske ka a na huɗu, na biyar kuwa yana can gefen Jondor, hanya ta karkace. Nan ake gane mai ilimi. Kubba dai kubba ce, idon tsohuwa kuma ya ga jiya. A gidan gas, inda motocinsu ke shan gas maimakon fetur, doka ce fasinja su sauka su jira a bayan shinge. Sayo mata samsa mai zafi, wato samosarsu, zaunar da ita ta ba titi baya, Ergash ya juya mota yana istigfari. Ku zagaya gonakin auduga na ɗan lokaci, ku koma na huɗu ta ƙofar baya. Ka gyara murya ka ce, “Inna, ga na biyar.”

5. Toshe bakin mai gadi

Zai taso da fara'a yana tambaya ko an yi mantuwa ne. Ruga ka rungume shi kamar ɗan'uwan da ya ɓace, ka yi ta gaishe shi da ƙarfi har ya manta abin da zai faɗa. Inna ta dubi itacen da ke tsakar gidan, ta dube ni, ta zauna. Ta fi daɗewa a nan, har da hawaye. Na ce a raina alamar karɓuwa ce.

6. Shiga jirgi kana taƙama

Na shida da na bakwai a guje, sai filin jirgi. Mu ne na ƙarshen shiga, ina tafe ina hura hanci. Jirgi na ɗagawa Inna ta dafa hannuna, ta ce 'ya'yanta shida, kowane kabari ta ware wa mutum guda addu'a, daga babba zuwa auta.

Na ce ai saura ɗaya.

“Na huɗu na Dilrabo ne, ɗana. Na biyar naka ne, don ka biyo matarka. Shekara tara kana ce mini Inna, na so in sa ka cikin 'ya'yana. Da na ga ka maido ni na huɗu, sai na sake yi wa Dilrabo, na ga ita ta fi bukata.”

Wallahi ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ga shi a jirgi ba wurin gudu. Na roƙe ta mu koma wata mai zuwa. Ta shafa gwiwarta ta ce ita kam ta gama tafiya, sai dai in je in yi wa kaina.

Gargaɗi

Jirgi na yi maka alkawari, kuma ka samu. Kunyar da za ka haɗiya tsakanin Bukhara da Tashkent ba ruwana da ita, nemi ruwa wurin ma'aikaciyar jirgi. Kada kuma ka neme ni ranar Asabar, ina Jondor, ni kaɗai.