Yaƙin Dabinon Haladu a Tsaunin Mambila

Dabinon da Haladu ya shuka a Nguroje bai haifi ko ƙwara ɗaya ba. Shekara bakwai cur, ko abin da tsuntsu zai ɓata bakinsa a kai.

Amma ba'adu. Wannan shi ne labarin gwarzo, sadauki, amirul jaishi na layin 'yan gwanjo, Haladu Magana Ɗaya, ɗan Barmo mai gyaran fitila, wanda duk fitilar da ta shiga hannunsa ta yi sallama da haske har abada, jikan Tanko Ƙaho da ya kori kura daga bakin garin Ɗanja da tari kawai, ko da yake masu hassada sun ce kurar ta riga ta ƙoshi, tattaɓa kunnen Jatau mai azama, wanda ya ɗaura niyyar zuwa Makka a ƙasa, ya kai har Zariya, ƙaya ta soke shi ya komo gida. Daga wannan tsatso mai albarka Haladu ya fito, ya hau mota kwana biyu da yini, ya haye Tsaunin Mambila da dilar rigunan sanyi, ya kafa tuta a kasuwar Nguroje. Ana ce masa Magana Ɗaya ne don in ya yanka wa kwat kuɗi, to ya yanka ke nan. Ko surukinsa ne ya taya, albarka zai ji. Ba shi da gona, ba shi da saniya, ba shi da mota. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma yana ji da shi fiye da yadda mai doki ke ji da dokinsa.

Wanda bai san Nguroje ba, gari ne da gajimare ke shigo wa mutum ɗaki ba sallama. Man shanu ba ya narkewa sai an roƙe shi. Ruwan sama wata tara, sauran ukun kuma raɓa ce mai cizo. Mutumin da ya yi alwalar asuba a nan da ruwan randa, ba sai an tambayi imaninsa ba.

To, wata rana da azumi, jama'a sun taru za a sha ruwa a rumfar Yuguda mai shayi, wani siririn mutum da harshensa ya fi tukunyarsa zafi. Aka fasa dabinon da aka hauro da shi daga ƙasa, sai ga tsutsa a ciki tana miƙa. Haladu ya ce wannan wulaƙanci ne, garin Musulmi guda a ce ba bishiyar dabino ko ɗaya, lalaci ne kawai na mutanen tsauni. Yuguda ya ce a garin nan ƙwallon dabino ma in ka jefar da shi mura yake yi, kuma duk wanda ya ga dama ya gwada, ƙasa ba ta hana kowa. Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta jawo yaƙi. Haladu ya miƙe tsaye, bakinsa da azumi, kofi a hannu, ya ce wallahi, billahi, tallahi, kafin azumi bakwai su wuce sai ya buɗe wa majalisar nan baki da dabinon gidansa. Liman Hammadu, limamin unguwar, yana zaune a gefe, ya ce masa ya ƙara da in Allah ya so. Haladu ya ce shi magana ɗaya yake yi, ba ya ƙari.

Washegari aka buga tambari. Sadaukin ya tsince ƙwallaye bakwai daga cikin waɗanda majalisa ta tsotse ta tofar, ya jera su a bayan ɗakinsa sahu ɗaya kamar dakaru, ya binne, ya yi musu huɗuba. Duka bakwai suka tsiro, kowanne da ɗan ganye guda tsaye kamar mashi, har Haladu ya fara tafiya a kasuwa yana buɗa kafaɗa, yana amsa gaisuwa da gira.

Sai abokan gaba suka yi shiri. Rundunar farko ta damina ce, ta sauko daga kudu da tsawa da walƙiya, ta yi kwana goma sha tara ba ta ɗaga ƙafa ba, ta mai da bayan ɗaki tafki. Dakaru biyu suka yi shahada a cikin taɓo. Haladu ya ja ramuka, ya gina tudu, ya kwashe sauran biyar ya hau da su sama, yana zage damina da uwarta da ubanta. Runduna ta biyu saniyar maƙwabci ce, jar saniya mai ƙaho ɗaya, wadda ta keta shinge da hantsi ba tare da sanarwar yaƙi ba, ta tauna biyu, ta tsaya tana kallon amirul jaishi ido cikin ido tana tuƙa. Ya bi ta da muciya har bakin rafi, santsi ya kwashe shi, ya dawo gida da ganimar taɓo har kunne. Saura uku.

Sannan babban maƙiyi ya iso, sarkin yaƙin tsauni da kansa, sanyin ƙarshen shekara, mai farar rundunar da ke kwana a kan ciyawa, mai sa tsoho ya manta sunan jikansa, mai daskarar da hawaye tun bai kai kumatu ba. Ɗaya ya bushe a tsaye. Haladu ya ga abin ya kai intaha, ya fito da makamin ƙare dangi, wato kaskon garwashi na matarsa Ladingo, ya girke shi a tsakanin biyun da suka rage. Sanyi bai kashe na shida ba, wannan kam a rubuta. Kasko ne ya gasa shi. Masana tarihi na rumfar shayi sun yi ittifaƙi cewa wannan ne karo na farko da aka ga sarkin yaƙi ya soya sojansa da hannunsa.

Saura ɗaya tilo. Kuma wannan ɗayan, ikon Allah, ya ƙi mutuwa. Ruwa ya dake shi, raɓa ta cije shi, hayaƙi ya turnuƙe shi, yana nan kore shar. Ran da Haladu ya ga ya fid da sabon ganye a tsakiyar sanyi, ya cire hula, ya ɗaga hannu, ya yi masa kirarin da duk unguwa ta haddace daga baya:

"Namiji! Namijin duniya, gagara sanyi, ƙi gudu sa gudu, na Haladu ba ka da na biyu!"

Kullum safiya haka, kafin ya gai da iyalinsa. Kuma da yake soja ba ya fita fage tsirara, sai ya buɗe taskar gwanjo. Duk dilar da ya kwance, kwat ɗin da ya fi kauri na Namiji ne. Ya sa masa suwaita, ya naɗa masa bargo a gindi, ya ɗaura masa wata jibgegiyar rigar sojan ƙasar ƙanƙara mai maɓallan ƙarfe, ya kifa masa hular ulu a kai. Baƙo in ya leƙo ta shinge sai ya yi sallama, ya ɗauka wani dattijo ne ke tsugune. Ruwa ya jiƙa, rigar ta yi funfuna ta ruɓe, a cire a sa wata. Mutane na rawar ɗari a kasuwa suna neman kwat na kirki, ana ce musu ya ƙare, alhali yana bayan ɗaki a jikin itace.

A shekara ta huɗu aka yi yaƙin basasa. Ladingo tana da bishiyar fiya a tsakar gida, wadda ta dasa tun zuwansu, tana zuba 'ya'ya har a ci a kai kasuwa a kyautar. Haladu ya duba ya ga inuwarta tana tare wa Namiji rana, ya yanke mata hukuncin cin amanar ƙasa, ya sa gatari. Ladingo ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofar madafa har itacen ya faɗi, sannan ta ce, "Malam, ka sare mai haihuwa don mai sa kaya. Allah ya ba da sa'a." Ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Haladu ya ce mata ba su san sha'anin yaƙi ba.

Azumi na biyar ya wuce, na shida ya bi shi. Duk shekara Yuguda sai ya ajiye faranti wayam a gaban Haladu lokacin shan ruwa, ya ce na dabinon gida ne, kada a rasa wurin zubawa. Haladu ya haɗiye, ya ce a dai juri zuwa rafi.

Wata biyar kafin azumi na bakwai, sai ga bushara. Wani abu kamar kuben takobi ya ɓullo daga ƙirjin Namiji, ya tsage, fure ya fito fari tas, in ka taɓa shi gari ya tashi kamar na alkama. Haladu ya yanka zakara. Ya zaga kasuwa layi layi yana shelar fatahi mubini, ya gayyato majalisa suka zo suka gani da idonsu, har Yuguda ya ce Allah ya sa albarka, abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Aka zauna jiran 'ya'ya. Furen ya yi ja, ya bushe, ya kakkaɓe. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, tsinke ne kawai a tsaye. Haladu ya zargi sanyi, ya ƙara bargo. Ya zargi tsuntsaye, ya kafa mutum-mutumi, shi ma da kwat. Ya zargi bakin mutane, ya rataya laya.

Ana saura kwana uku azumi, Alhaji Agali ya hauro tsauni. Buzu ne na Agadas, falken dabino, wanda ya tashi a gindin dabino kamar yadda ɗan Nguroje ke tashi a gindin saniya. Haladu ya kamo hannunsa tun bai sauke buhunansa ba, majalisa ta biyo baya. Agali ya zaga itacen sau ɗaya, ya ɗaga hannun kwat ɗin ya leƙa, ya tsinko busasshen furen ya murza a tafinsa ya shinshina.

"Wannan namiji ne," in ji shi.

Haladu ya juya ya dubi majalisa, ƙirji a gaba. "Kun ji ko? Baƙo ma daga gani ya shaida. Alhaji, ƙara faɗa musu, da ƙarfi, akwai mai shayi a baya."

"Malam, namiji nake ce maka. Ba ya haihuwa."

Nan Agali ya yi bayani a hankali, irin bayanin da ake yi wa mai jinya. Ya ce dabino kamar mutane yake, akwai mace akwai namiji. Macen ce ke 'ya'ya, shi namijin garin nan kawai yake bayarwa, a ɗiba a kai wa macen. Wanda ya shuka ƙwallo caca ya yi, ba ya sanin abin da ya samu sai ran da fure ya fito, shi ya sa masu abin suke cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa su dasa. Ya ce namijin kam lafiyayye ne, a garinsu guda irin wannan ya ishi mata hamsin, sai dai mace mafi kusa da shi tana can ƙasa, tafiyar yini biyu a mota. Ko an kawo ta ma, ruwan garin nan ba zai bar 'ya'yan su nuna ba. Game da kayan da ke jikinsa kuwa, ya ce a tuɓe masa, itacen da ya ci sanyin shekara bakwai bai mutu ba ba ya bukatar hula, ruɓar da shi kawai ake yi.

Sai Yuguda ya gyara murya ya ce, "Ai itacen yana da biyayya. Shekara bakwai kana ce masa namiji safe da yamma, ya za a yi ya ƙaryata Magana Ɗaya?"

Amma sadauki ba ya faɗuwa sau ɗaya. Ran farko na azumi Haladu ya iso rumfa da ƙwaryar kunu, ya ce rantsuwarsa dabinon gidansa ta ce, ba ta ce 'ya'ya ba, ga shi ya daka furen ya zuba a ciki. Wannan ita ce magana ta biyu da aka taɓa ji daga bakinsa, kuma kowa ya ƙirga. Mutum uku suka kurɓa, ukun suka shiga atishawa har ladan ya gama kiran salla. Liman Hammadu ya share hawayen dariya ya ba da fatawa: wannan ba dabino ba ne, dusa ce, rantsuwa ta karye, sai kaffara. Ko ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su.

Haladu ya ce shi da tufafi ke kwana a shagonsa, tufatarwa zai yi, kuma kwat, ba ƙyalle ba. Aka je shago aka zazzage. Shekara bakwai Namiji yana cin na kirki, abin da ya saura mai kyau guda tara ne. Ya kawo rigar da ke jikin itacen don a cike goma, Liman ya ɗaga ta da yatsa biyu, maɓalli ya faɗi, kyankyaso ya fito, ya ce wannan ko miskini yana da haƙƙin ya ƙi. Miskini na goma kuwa yana tsaye a ƙofar masallaci inda ake rabon, wani tsoho, yana kallon kwat ɗin da ke jikin Haladu.

Ya tuɓe ya ba shi. Ya taka daga masallaci zuwa gida da 'yar shara, a tsakiyar damina, ruwa na tsuga, iskar tsauni na shiga ta hammata tana fita ta wuya. Sanyi ya kama shi a haƙarƙari, ya yi kusan sati uku a kwance, Ladingo na gasa masa baya da kasko, azumi goma sha tara suka hau kansa sai ya rama. Itacen na bayan ɗaki tsirara, ya ƙara ganye huɗu.

Da ya tashi ya koma kasuwa, wata mata ta taya kwat, ya ce albarka, ta tsaya ta ƙara tayawa, don labari ya riga shi isa. Ya sallama. Daga ranar ba a sake ce masa Magana Ɗaya ba. Baban Ango ake ce masa, wai ɗansa na bayan ɗaki yana jiran amarya, har a masallaci, kuma yana amsawa.