Ba Mai Ji Sai Ni

Ranar da surukina, limami ne a Kurfi, ya zo gidana a Dutsin-Ma, ina da wata guda da fara koyon kaɗa fiyano na lantarki a ɓoye. Na sayi hedifon mai kauri, irin wanda ke rufe kunne ruf, don mai shagon ya rantse mini ko ƙuda ba zai ji ba.

Bayan la'asar Malam ya kishingiɗa a falo yana lazimi. Na shige ɗaki, na soka wayar hedifon a ramin da na fara gani a bayan fiyanon, ban tsaya dubawa ba. Sai na ji sautin can ƙasa-ƙasa. Na ce kayan zamani ke nan, na ƙure muryar fiyanon.

Hadiza, matata, ta faɗo ɗakin tana yarfa hannu, bakinta na motsi. Na dube ta da tausayin wanda ya san abin da bai sani ba, na ce da ƙarfi, "Kwantar da hankalinki, ba mai ji sai ni!"

Ta fizge hedifon daga kaina. Ashe ramin fedar fiyanon na soka, ba na hedifon ba. Duk unguwar na ji, ni kaɗai ne ban ji ba.

Da na fito na durƙusa, Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Allah ya ba maƙwabta haƙuri."

Har yau in na je Kurfi na yi sallama, ƙannen Hadiza sai su yi tsit, ɗaya ya ce, "Yaya, ba mai ji sai kai."