Shafi na Arba'in da Ɗaya

"Lafiya ƙalau muka kwana, sai dai yunwa, tunda mijin da Allah ya haɗa ni da shi ba ya cefane," in ji mahaifiyata Blažena, tun Radim bai gama cire takalmi a bakin ƙofa ba.

"Wa zai yi wa mai haƙori uku cefane? Ai asara ce. Ga aikenki, tsohuwa."

Ya dire mata littafin a kan teburin kicin, kusa da dankalin da nake ferewa. Sabon bugu ne na rubuce-rubucen Lumír Trnavec, ɗan jaridar nan da tsohuwar gwamnati ta hana bugawa, har sai da mata irin Mama suka riƙa kwafar aikinsa da tafireta a ɓoye, kwafi goma goma da takardar kabon. Radim ɗan yayana ne, jikanta na fari, kuma a kan mutumin nan yake rubuta kundin digirinsa a jami'ar garinmu, Olomouc. Ranar Litinin zai miƙa, ga shi muna Juma'a.

Bari in faɗa muku abin da ya hana ni sukuni. Rabin kundin yaron nan a kan shafi ɗaya ya tsaya, na arba'in da ɗaya, inda kowa ke cewa Trnavec ya ƙure gwaninta. To, ba Trnavec ya rubuta shi ba, Mama ce. Ta sha faɗin haka, ba wanda ya taɓa yarda. Matar da ta ce ita ta koya wa fadan cocinmu rawa, kuma ta taɓa korar tankar yaƙi da tsintsiya, ranar da ta faɗi gaskiya wa zai gane?

Ta ɗaga littafin ta shinshina, ta taɓe baki. Wai Trnavec a takarda mai sheƙi, kamar an sa wa bunsuru kwat. Daga nan ta shiga wanke shi tas: mashayi ne, mai cika baki, layi ɗaya ba ya ƙarewa sai an ji "ni" sau uku. An tura shi ya rubuto labarin buɗe masana'antar tarakta, ya dawo da shafi ashirin a kan ciwon kansa da wani kare da suka yi hira a tashar jirgi.

"Ai nan gwanintar take, amarya," in ji Radim, yana satar waina mai zaƙi daga faranti. "Duk jaridun ƙasar nan suna ƙarya da 'mu', shi kaɗai ya faɗi gaskiya da 'ni'."

"Gaskiyar kare."

"Karen ya fi ministan da ya yanke ƙyallen buɗe masana'antar hankali."

"Nan kam na yarda. Ajiye wainar nan, ba gadon ubanka ba ce."

Haka suke tun yana ɗan shekara huɗu, ni kuwa ban taɓa iya wannan shirmen ba. Ya lissafo mata masu karatun da ya yi hira da su. Mahaucin layinmu ya ce bai taɓa wuce babi na biyu ba, amma ba wanda zai zagi Trnavec a shagonsa ya fita da nama. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce jimlolinsa famfo ne da ya lalace, ba mai iya kashewa. Samarin intanet kuwa sun ɗauka gadon da ya bar musu shi ne a bugu a yi rubutu, sun riƙe buguwar sun bar rubutun. Amma masu so da masu ƙi, in ji shi, duk a shafi ɗaya suke haɗuwa su yi shiru.

Ya buɗe shafin ya karanta. Wata mata ce a layin lemu ana gobe jajiberin Kirsimeti, tun asuba, riƙe da yarinya mai zazzaɓi. Saura mutum biyu a kai gare ta lemu ya ƙare. Mai sayarwa ta rasa abin yi, sai ta miƙa wa yarinyar siririyar takardar da ake naɗe lemu da ita, mai hoton rana tana dariya. Yarinyar ta manna ta a hanci har gida, tana ce wa uwarta ai ta ƙoshi.

"Babu 'ni' ko ɗaya a ciki," in ji Radim. "Mutum ya kai inda zai ajiye kansa gefe. Wannan shi ne kundina."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni na rubuta shi," in ji Mama.

"Sannu. Ni kuma ni na gina hasumiyar agogon gari, ina ɗan wata bakwai."

"Shi ya sa yake latti, irinka."

Ta ba shi labarin, yana dariya. Kwafin da aka kawo mata na tara ne a jerin kabon, ya dushe, kuma shafi ɗaya babu shi gaba ɗaya. A wannan sana'ar ba ka tambaya, don ba ka san wanda ya ba wanda ya ba ka ba, kuma rashin sanin shi ke hana a kwana a ofishin 'yan sandan ciki. Ranar Juma'a za a zo karɓa. Ta duba ƙarshen shafi na arba'in, ana tsaye a layi. Ta duba farkon na arba'in da biyu, an isa mashaya. Sai ta cike tsakanin da abin da ta sani. Daga baya aka ƙwace ainihin rubutun aka ƙone, nata kwafin ya yi ta haihuwa.

"Shi mai littafin bai gane ba ke nan?"

"Bayan an yi sauyin gwamnati an karanta masa a wani taro, ina zaune a baya. Ya share hawaye ya ce bai tuna ya rubuta ba, amma shekarar ya sha da yawa."

Radim ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce wannan ta fi ta tankar yaƙi, zai sa ta a shafin godiya. Ya fara tattara jakarsa.

Na ga Mama ta bi jakar da kallo, bakinta na murmushi amma hannunta na murza gefen tebur. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, ba da ita ba, da shekarun nan duka. Na ajiye wuƙa.

"Yarinyar ni ce."

"Gwaggo Vlasta, har da ke?"

"Tun da aka haife ka, ka taɓa jin na yi wasa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko kwafin Mama na tafireta daga ƙasan akwatin zannuwan gado, na buɗe masa. Takardar lemun na nan a shafin, ta yi ja don tsufa, ranar na ta dariyarta. Ƙanshin kam ya tafi tuntuni, amma sai da ya kai ta hanci.

Ya zauna. Ya ce Litinin fa, ya sake cewa Litinin. Wallahi ya ba ni tausayi, shekara biyu ya yi yana wannan aikin.

"Ba don in rushe maka na faɗa ba," in ji Mama, ban taɓa jin ta yi masa magana da wannan muryar ba. "In ka so ka miƙa yadda yake, ba mai sani. Sai dai mu a zamaninmu an sa mu sa hannu a ƙarya har mun gaji. Ba na so jikana ya fara da ita."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Shafi tamanin," ya ce. "Shafi tamanin na yi ina yabon tsohuwar da ba ta iya dafa ƙwai ba."

"Ka ƙara ashirin, ka yi rowa."

Ya ce Litinin zai je wurin malaminsa ya roƙi wata shida, in an hana ya maimaita shekara, kuma ta shirya, don hira za su yi ta awa goma da na'urar ɗaukar magana. Ta ce ba ta hira da mazan da ba su da gemu. Ya ce ta ba shi aron nata.

Sannan ya zaro alƙalami daga aljihu, ya buɗe sabon littafin a shafi na arba'in da ɗaya, ya tura mata da hannu biyu.

"Na sallama, uwargida. Marubuciya ta sa mini hannu."

Ta gyara tabarau, ta rubuta sunanta cikakke a ƙasan shafin, a hankali, harafi bayan harafi. Sunan ya fito a karkace.

"Alƙalamin naka ma irinka ne," ta ce, tana miƙa masa. "Ba ya iya tsayawa wuri ɗaya."